Ranar Gayyar Rumbun Gambo

Tun da aka kafa dokar, ba a fara aikin gayya sai kowa ya zari katin duba. Wanda ya zari katin da ake kira Ratayayye, katin zai riƙe muryarsa har a tashi, wai don ya koyi haƙuri da abokan aiki.

Bara, Gambo ne mai raba katunan, ya cusa wa Tasalla katin da gangan. Tana kallo aka gina katangarta a karkace, ta rufto wa awakinta.

Yau rumbun Gambo ake ginawa, rabon katunan kuma a hannun Tasalla yake.

"Zari, Yaya Gambo."

Ya juya katin. Ratayayye.

Da hantsi ya hango ana aza harsashi kan gidan gara. Ya yi ta ɗaga hannu.

"Me yake nufi?" in ji magini.

Tasalla ta sauke tulu. "Cewa yake ku yi sauri."