Tawadar Talha

Da jin masu rigakafi sun shigo layinsu a Azare, Talha ya ɗauko biron Babansa ya shafe farcen ƙaramin yatsansa, irin shaidar da ake sa wa yaron da aka riga aka yi wa. Ya shafa wa ƙannensa biyu.

Ma'aikaciyar na sallama, ya miƙa mata hannu yana washe baki.

"Anti, mu an yi mana!"

Ta duba, ta danne dariya. "To madalla. Yau dama ba allura, ɗigo ne a baki, sai alawa bibbiyu."

Ta juya za ta tafi. Kafin ta kai zaure, Talha na bakin rijiya yana dirzar yatsa da toka, ƙannensa na dukansa.

"Anti, tsaya! Wallahi ta kusa fita!"