Sitaci a Fuskar Auta

Auta ba ta da abokin gaba a duniya kamar zufa. Da zarar zafi ya shigo, ko awa guda ta yi gaban madubi, kafin ta kai bakin titi hoda ta dame, kwalli ya gangaro kumatu. Ga shi ranar Litinin za ta je ganawar ƙarshe ta neman aikin tarbar baƙi a wani kamfani. Shekara biyu tana yawo da takardu, yanzu an tankaɗe an rairaye, saura su biyu kacal.

Kwana uku ta yi tana gwaji. Ta kunna bidiyo a waya, ta shafa wannan, ta goge, ta shafa wancan, sannan ta fita tsakar gida ta tsaya cikin rana ta ga ko zai riƙe. Mama na zaune a inuwa tana kallon ikon Allah.

"Ke Auta, shanya kanki kike yi?"

"Gwaji nake, Mama."

"To, Allah ya ba da sa'a. In kin bushe ki shigo."

Duk gwajin bai hana komai narkewa ba. Ana nan sai ta ga wata mai kwalliya a bidiyo tana cewa sirrin yana cikin wani ruwa da ake fesawa bayan an gama, ya riƙe kwalliya har yamma. Auta ta zaga shagunan unguwa, babu shi. A hanyar dawowa ta biya wajen Anti Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa cewa "ban sani ba".

"Wannan ne ya tayar miki da hankali?" in ji Anti Tela. Ta miƙa hannu kan teburin guga ta ɗauko gwangwanin sitacin feshi. "Duk abu ɗaya ne, suna kawai suke canzawa. Abin da ya tsayar da wuyan riga, hoda ce za ta gagare shi?"

"Anti, ba zai yi illa ba kuwa?"

"Illar me? Sitaci fa daga rogo ake yin sa. Abin da ake ci?"

Akwai rubutu a jikin gwangwanin, har da jan gargaɗi. Auta mai difloma ba ta karanta ko layi ɗaya ba.

Ranar Litinin ta tsara kwalliya ta gani ta faɗa, ta runtse ido ta fesa. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa don kada a samu matsala. Fuska ta bushe ƙam. A cikin mota kowa na sharce gumi, ita kuwa tana zaune tsaf kamar hoto, tana yi wa Anti Tela addu'a a zuci. Ɗan ƙaiƙayin da ta fara ji a goshi ta ce ai ado sai da haƙuri.

Manajar kamfanin wata dattijuwa ce mai fara'a. Ta duba takardun ta ajiye.

"'Yata, takardunki sun yi. Abu ɗaya ya rage. Mai zama a teburin nan ita baƙo ke fara gani. Ki ɗauka ni baƙuwa ce na shigo a fusace. Tarbe ni da murmushi."

Auta ta ce a ranta wannan ai mai sauƙi ne. Ta aika wa kumatu saƙo, kumatu suka ce ba su san zancen ba. Ta ƙara himma, leɓe ya ɗan ɗaga, haƙora suka fito, sauran fuskar ko gezau.

"Lafiya? Haƙori ke miki ciwo?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe," in ji Auta ta tsakanin haƙora.

Ta tuna shekara biyun nan, ta tattaro duk ƙarfinta ta washe baki. Sai fuska ta tsage, daga gefen baki har kusa da kunne. Ɓawon hoda ya fara zubowa a kan takardunta. Zufar da ke tsare a ƙasa tun safe ta samu hanya, ta kwaso sitaci da kwalli ta zuba mata a ido. Manaja ta miƙo mata tishu, tishu ya manne a goshi.

Tun Auta na jin kunya har ta manta da kunya, don idon ya kama raɗaɗi kamar an zuba barkono. Kafin minti goma ya kumbura ya rufe. Da motar kamfanin aka kai ta asibiti.

"Me kika shafa?" likita ya tambaya.

"Sitaci."

Likita ya ajiye biro. "Na guga?"

Ta gyaɗa kai. Ya yi mata bayani cewa ba rogo kaɗai ke cikin gwangwanin ba, akwai sinadarai da turaren da ko kusa da ido ba a so su je. Fatarta ta ƙone, idon hagu ya ji rauni. Sati uku ta yi da bandeji, kuma har yau idon ba ya jure hasken rana.

Anti Tela ta zo dubiya, ta leƙa fuskar ta girgiza kai. "Kin matso da gwangwanin kusa ne. Nesa-nesa ake fesawa."

Tana fita saƙon kamfani ya shigo waya. Mama ce ta karanta mata, don ita ba ta iya kallon allo: suna yi mata fatan samun sauƙi, an ɗauki ɗayar mai neman aikin. Auta ta fashe da kuka mai cin rai, hawayen ma yana ƙona mata kumatu.

'Yan uwa, duk abin da ba don fata aka yi shi ba, kada ya hau fata. A karanta abin da aka rubuta a jikin kaya, a tambayi wanda ya san abin da gaske, domin kwalliyar wuni ɗaya ba ta kai darajar ido ba.