Bahago da Ƙwaryar Awo

Kwanakin nan ana ta gardama a majalisa a kan 'yan ƙwallon ƙafa na Amurka. An ce a can akan ɗauko gwani daga wata ƙasa bayan ƙafarsa ta fara nauyi, a ba shi abin da ya ninka na abokan wasansa nesa ba kusa ba, su kuwa masu gudu su kai masa ƙwallon a sallame su da abin da ya samu. Wasu sun ce zalunci ne, wasu sun ce ai shi ake zuwa kallo. Ga wani misali, a auna da shi.

An yi wani ɗan dambe, ɗan mahauta, da ake kira Bahago, a zamanin da aka fara kewaye fili da zana ana karɓar kuɗin shiga a ƙofa. Mai gidan damben da gero yake sallamar 'yan wasansa, kowa ƙwarya guda ranar wasa. Wata kaka sai ya ɗauko wani tsohon zakara daga arewa, mai furfura a gemu, wanda sunansa ya riga shi isowa garin. Shi ba a yi masa awo. Buhu ake ɗora wa jaki a kai masa masauki.

Bahago ba mai hassada ba ne, mutum ne dai mai son sanin dalilin abu. Tun yana ƙarami, in an yanka bijimi, shi ne mai tsugunawa ya ga inda kowace jijiya ta bi. Wannan karon kuwa tambayar ta shafe shi, domin yatsun hagunsa sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe sai ya tsoma su a ruwan ɗumi. Hannun da yake ɗaure wa zare ya yi dambe, shi ne hannun da zai riƙe wuƙa in ya koma fawa. Yana so ya sani ko ƙwaryar nan ta kai darajar hannun, tun hannun yana da sauran amfani.

Ya fara da mai fura ta bakin ƙofa. Ta yi masa dariya, ta ce kafin zuwan tsoho da sauran fura take komawa gida, yanzu kuwa tun rana da sauran tsayi take wanke ludayi. Bahago ya ce a ransa, ashe tsoho ba banza yake ci ba. Amma da ya zuba ido sai ya lura sau ɗaya tsohon yake shiga fili, daf da faɗuwar rana. Daga la'asar zuwa lokacin nan, su wa ke riƙe jama'a a zaune? Su ne, masu fasasshen leɓe.

Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan damben garin gaba, ko can awo ya fi albarka. Ya tarar ƙwarya guda ake bayarwa. Ya ƙara gaba, ƙwarya guda. Ya sa taƙinsa ya auna bakinta, ko ɗan yatsa ba ta fi ta garinsu ba. Wannan ya ba shi mamaki fiye da buhun tsoho. Mai tsaron ƙofar can ne ya warware masa: masu gidajen sun haɗu a wajen wani bikin suna, suka shirya a kan kada wani ya janye wa wani yara da ƙarin awo, har wurin mai gyartai ɗaya suka sayi ƙoren. Baƙo mai suna kaɗai aka yarda a ba shi yadda aka ga dama.

Da ya dawo ya wuce masaukin tsohon da hantsi. Ya same shi yana cin tuwo da cokali, don yatsun damansa sun daina iya yin loma. Bahago ya zayyana masa duk abin da ya gano, tsoho ya saurare shi har ya gama, sannan ya ajiye cokalin ya ce:

"Ɗana, ka auna buhuna, ka auna ƙwaryarka, ka sha rana a hanya. Gobe in ana awo kada ka dubi geron. Dubi hannun mai awon."

Kashegari bayan wasa Bahago ya shiga layi, gira a kumbure, ya shimfiɗa mayafinsa. Hannun da ya miƙo ƙwaryar, na mai gidan damben, sumul yake, babu tabo ko ɗaya, da zoben azurfa, ga farcen ƙaramin yatsa an bar shi ya yi tsawo. Ya ɗaga kai, sai ya hango ta saman zana sababbin rumbuna a bayan gidan, jinkarsu ko ruwa bai taɓa duka ba. Kullum suna nan, shi ne dai idonsa yake kan jakin tsoho.

Ya ƙulle geronsa, ya yi godiya, ya warware zarensa ya nannaɗe shi a tsanake. Ran kasuwa aka gan shi a rumfar ubansa yana fiɗa. Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba har ya mutu, amma sauran ukun sun riƙe wuƙa.

To, masu gardamar ƙwallo, kafin a gwada ɗan wasa da ɗan wasa, a fara leƙa bayan zana tukuna. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.