Atisayen Ceto

Da jirgin ruwan ya busa ƙahon atisayen ceto, mahaifinmu ya ɓace.

"Aikinka ɗaya a tafiyar nan, ka riƙe Tatay," in ji yayata, tana nufin mahaifinmu. "Shi ma ya gagare ka."

Ita ta matsa a fito da shi yawon shaƙatawa daga Manila, amma ni nake masa wanka tun da mantuwa ta kama shi.

Na bi bene-bene cikin fasinjoji masu hamma da ɗaukar hoto. Duk inda na ga teku sai na leƙa ƙasa.

A bakin matakala na same shi tsaye ƙyam, yana nuna wa mutane hanya. Shekara talatin ya yi yana aikin jirgi, wata biyu muke ganinsa a shekara.

"Tatay, mu tafi."

Bai gane ni ba.

"Yallaɓai, haka ake ɗaura rigar ceto?" Ya ja igiyar, ya ɗaure tam, ya dafa ƙirjina.

Tunda aka haife ni bai taɓa sa mini riga ba. Na tsaya har ya gama.