Akwatin Auna Hayaƙi a Rumfar Mai Waina

Ka ce binciken malaman jami'a a takarda yake ƙarewa, gara ce kawai ke cin moriyarsa. To, gyara zama in ba ka misali.

Akwai wata mata mai sayar da waina a wata tashar mota da ke bayan filin jirgin sama. Shekara goma sha ɗaya tana rumfar nan, da ita take riƙe 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Sai tari ya kama ta, irin wanda ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce ko ta bar wurin, ko wurin ya gama da huhunta. To, ta bar shi ta koma ina? Kowa a tashar ya yarda jiragen sama ne suka jawo, tunda su ne masu ƙara. Ita kanta duk jirgin da ya tashi sai ta ɗaga kai ta bi shi da harara, kai ka ce matuƙin zai gani ya ji kunya.

Ana nan sai ga wata malama daga jami'a, mai binciken hayaƙin motoci da jirage, ta zo da ƙananan akwatuna tana neman inda za ta rataya su. Direbobi suka ce na'urar masu haraji ce. Mai shayi ya ce shi kam ba da shi ba. Mai waina ta ga tun safe ana ta wasa da hankalin baiwar Allah, rana ta gama gasa ta, sai tausayi ya kama ta. Ba ta fahimci komai game da akwatin ba. Ta dai kira ta, ta nuna mata ginshiƙin rumfa ta rataya ɗaya, ta zuba mata waina da miya. Wata takwas akwatin yana rataye, tana korar masu taɓa shi, maƙwabta suna tsokanarta wai ta sami ɗa na biyar. Duk Talata malamar takan zo ta cire 'yar farar takardar da ke tace iska a ciki, ta sa sabuwa.

Abin da binciken ya tono ya sa kowa sunkuyar da kai. Jiragen suna da nasu laifin, musamman in iska ta juyo daga filin, amma babban mai laifin yana nan a gaban rumfar. Direbobin tashar suna da wata dabara: mota na kan layi, ko fasinja biyu babu, sai a tayar da inji a bar shi yana ruri, don wanda ya shigo ya zaci yanzu za a tashi. Mota shida, bakwai, duk sun juya salansa wajen rumfunan mata, daga safe har la'asar, kuma salansar daidai take da hancin mai zaune a kujera 'yar tsugunno. Murhun mai wainar ma bai tsira ba, an ce ta matsar da shi inda iska za ta kwashe hayaƙin.

Malamar ta rubuta abin da ta gano a mujallar masana, amma ba ta tsaya nan ba. Ta sami shugaban tasha, dattijon da shi ma kullum cikin tari da kaki yake, ta ajiye masa biyu daga cikin takardun tace iskar nan. Ɗaya ta makon da direbobi suka yi yajin aiki, jirage kuwa suna ta tashi, fara da ɗan dishi-dishi. Ɗaya ta makon da aka koma lodi, baƙa kamar gindin tukunya. Da ya gama kallonsu, sai ya tara direbobi ya ce a kafa doka, kada a tayar da inji sai mota ta cika. An sha gardama, wasu suka rantse fasinja zai gudu. Da aka gwada kashe inji sai mota ta cika, ba wanda ya gudu. Ashe fasinjojin sun daɗe da gane dabarar, direbobi ne kaɗai suke zaton asirinsu a rufe yake.

Kafin damina ta zagayo tarin ya lafa. Likita ya sake saurarar ƙirjin, ya ce ta yi zamanta a rumfarta. Ta fito bakin asibiti ta zauna ta yi kuka, kukan godiya, ba ta damu da masu kallo ba. Ko layi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba a cikin abin da malamar ta rubuta, amma albarkacinsa take numfashi. Ranar da malamar ta kawo labarin wasu tashoshi biyu sun ɗauki dokar, mai waina ta riƙe hannunta za ta fara godiya. Malamar ta riga ta: "Inna, ni ce da godiya. Ranar da kika kira ni, har na fara kwashe kayana zan tafi."

Shi ya sa Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.