Aminin da Ke Kan Allo

Sabuwar shugabar makaranta ta ce daga bana kada malami ya sake ba yara misalin insha'in da ba gaskiya ba. Malamin Turanci ya dawo gida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki biro ya ajiye, ya leƙa tsakar gida ya dawo.

Darasin gobe a kan babban amini ne. Shekara da shekaru misali ɗaya yake rubuta wa 'yan aji huɗu a allo: amininsa mai gyaran rediyo ne, yana da wushirya, kwano ɗaya suke ci. Amma tun da wata 'yar gardama ta shiga tsakaninsu, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ka rubuta wani mana," in ji matarsa. "Ko aminan sun ƙare a duniya?"

Ya lalubi zuciyarsa, bai samu kowa ba. Ya zura takalmi ya fita, ƙafa ta yi ta yawo da shi har ta dire shi a bakin rumfar da ya daɗe yana kauce wa.

Mai gyaran bai ɗago ba. Yana cikin kwance wata rediyo ya fara karanto insha'in da Turanci, tiryan-tiryan har ƙarshe.

"A kunnena 'ya'yana uku suka haddace shi," ya ce. "Auta ce a ajinka bana, kada ka canja mata."

Sannan ya matsa gefe, ya turo kwanon abincinsa tsakiyar benci.