Rijiyar da ke cikin takarda

Sati biyu da dawowata gida na kasa zama wuri ɗaya, sai na je gaida Malam Jatau, wanda ya koya mana kimiyyar noma tun kafin in tafi karatu waje. Na faɗa masa abin da ke cin raina. Akwai kuskure a maƙalar da wata mujallar bincike ta buga mini, na rubuta ma'aunin maganin feshin wake ninki biyu na abin da ya kamata, kuma mutane ne za su ci waken. Ni so nake in gyara a ɓoye cikin maƙala ta gaba, can ƙasan shafi, ba sai an buga wa wannan hatimin janyewa kowa ya gani ba. Malam ya ce in zauna, kai-kawon nan nawa yana sa shi jiri. Ya ba ni wannan misali.

A zamanin fatauci da raƙuma an yi wani malami matafiyi, mai rubuta zango-zango da rijiyoyin hanyar arewa. Wata shekara da kaka, bayan damina mai albarka, ya ratse gabas daga wata mararraba. Tafiyar yini biyu ya tarar da rijiya cike, ya sha, ya cika salkarsa. Sau ɗaya tak ya gan ta, amma da ya zauna rubutu sai ya ce rijiya ce da ba ta ƙafewa, rani da damina. Masu kwafi suka kwafa, madugai suka sa a gafaka. Bayan shekara uku wani bafatake ya iso ƙofar gidansa leɓe a tsattsage, ya ce su goma sha ɗaya suka ratse da bazara, suka tarar da rijiyar a ƙafe, shi kaɗai ya fito. Abin ya taɓa malamin, sai dai tsoron zubewar suna ya fi ƙarfi. Ya ɗauko kwafinsa ya sa gyaran a gefen shafi, da ɗan rubutu kamar sawun tururuwa. Su kuwa masu kwafi, al'adarsu abin da ke cikin shafi suke ɗauka. Na gefe kayan mai littafi ne, ba sa taɓawa.

Da ya tsufa abin ya hana shi sakat, ya ɗaura sirdi ya koma. Inda ya san ɗan burtali, sai ga hanya fetal, raƙumi huɗu sa iya jerawa. Ya sunkuya ya duba sawu, duk gabas suka nufa, babu ko ɗaya mai dawowa. A bakin rijiyar ba tsuntsu, ba ƙuda. Mutane ne zaune a kewaye, rana ta busar da su cikin rigunansu, igiyar guga har yanzu a hannun wani. Ya yi ta buɗe gafakokinsu. Maganarsa ce a ciki, da rubutun hannuwan da bai sani ba. Wani mai kwafi ma ya ƙara da cewa ruwan garɗi gare shi kamar madara.

Ya dawo mararraba ya kafa bukka don ya riƙa mai da mutane. Ayarin farko ya iso da rana tsaka, ya tare su ya ce babu ruwa a can. Madugu ya zaro takarda, ya ce babban malami ne ya rubuta, kuma da bakinsa ya sha. Tsohon ya ce ai shi ne malamin.

"Baba, ji tsoron Allah," in ji madugu. "Mai wannan rubutu ya daɗe da rasuwa. Matsa mana, dabbobinmu ƙishi suke ji."

Suka raɓa shi suka wuce, ya tsaya yana jin kukan raƙuma har ya ɓace. An ce har yanzu akan hango wani tsoho a mararrabar nan yana ɗaga hannu, inuwarsa ba ta faɗuwa ƙasa, kuma ba a taɓa jin wanda ya tsaya ba.

Malam Jatau ya gyara zama, ya ce in rubuta wa editan mujallar yau ɗin nan, a sa janyewar a goshin maƙalar da manyan baƙaƙe, tun burtali bai zama hanya ba. Wake ya kusa fure, malaman gona kuwa sun soma rabon takardu masu ɗauke da ma'aunin nan nawa a ƙauyuka. Na tambaye shi ko hakan zai kamo kwafin da suka riga suka fita. Ya girgiza kai.

"Wanda bai tashi ba, shi za ka tsare, ɗana. Wanda ya yi gaba kuwa, Hausawa sun riga mu faɗa: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa."